Yadda ake ƙetare layin dogo ba tare da an haɗu da jirgi ba

Duk yaron motar da ya fara riƙe sitiyari a hannuna, abin da nake fara gaya masa game da jirgin ƙasa shi ne ba zai tsaya saboda shi ba. Ba rashin imanin direban jirgi ba ne. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, a kan ƙarfe take gudu, babu roba babu kwalta da za su riƙe ta, ga taragu a baya suna turo kan jirgin da dukkan nauyinsu. In yana cikin gudu aka taka birki, sai ya ci kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya cak, kuma ba shi da hanyar kaucewa dama ko hagu. Direban yana ganinka, yana danna oda, iyakar abin da ke hannunsa ke nan.

Na tashi a Sabon Garin Zariya, kusa da tasha, mahaifina ma'aikacin reluwe ne, ni kuma Allah ya sa abincina a tuƙin mota. Abin da ke damuna shi ne mun daɗe da mance jirgi. Dogo ya iso Kano tun 1911, amma shekaru da yawa tsohon layin nan ya koma sai jifa-jifa, jirgin ma a hankali yake tafe, har mutane suka mai da kan dogo wurin kasa kaya da shanya da hira. Yanzu zamani ya juya. Tun 2016 jirgin Abuja zuwa Kaduna ke aiki, ana gina na Kaduna zuwa Kano, ana kuma gina na Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Akwai ƙauyuka a wannan hanya da ba a taɓa ganin jirgi ba, kuma wanda zai zo musu mai gudu ne.

In kana tuƙi ka hango mahaɗar titi da dogo, rage gudu tun daga nesa, ka kashe rediyo, ka sauke gilas. Ka tsaya da ɗan rata, kada hancin motarka ya matsa jikin ƙarfen, domin jirgi ya fi layinsa faɗi, cikinsa yana fitowa kusan mita guda ta kowane gefe. Duba dama, duba hagu, ka sake dubawa. In ka hango fitilarsa, ko da kana ganin yana can nesa, jira. Ido yana yaudara a nan: babban abu in ya fuskanto ka kai tsaye, sai ka ga kamar rarrafe yake yi, alhali ya kusa cim maka. In layi biyu ne a wurin, wucewar jirgi ɗaya ba ta nufin hanya ta buɗe, wani na iya tahowa ta ɗaya layin, na farkon ya kare maka shi, ƙararsa kuma ta rufe ta na biyun.

Kada ka hau dogo sai ka tabbata akwai wurin da zai ɗauki motarka gaba ɗayanta a wancan gefen. Wannan shi ne ke cin mutane a cikin gari. Cunkoso ya haɗu, na baya yana ta matsa maka oda, ka biyo bayan wata mota, ita ta tsaya, kai kuma ka tsinci kanka a tsakiyar layi, gaba ta toshe baya ta toshe. Bar na baya ya yi ta zagi. Sa giya ta ɗaya ko ta biyu tun kafin ka hau, kada ka canza giya a kan ƙarfen, nan ne mota ke son mutuwa. Masu tirela da dogayen motoci masu ƙasan ciki su lura da tudun wurin, domin ciki na iya sarƙewa.

In akwai mai tuta ko an sauke shinge, maganarsa ita ce doka, ko da kai ba ka ga komai ba. Ranar 9 ga Maris 2023, a mahaɗar PWD da ke Ikeja a Legas, motar bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin jihar ta kutsa kan layi da safe duk da ana tsai da motoci. Jirgi ya kwashe ta ya yi gaba da ita, mutum 6 suka rasu, da dama suka jikkata. Sauran motocin da suka tsaya a wurin ba su yi asarar komai ba sai 'yan mintuna. Kafin wannan, a Disamba 2022, jirgin Abuja zuwa Kaduna ya murƙushe wata ƙaramar mota a yankin Kubwa, matar da ke ciki ta rasu.

To in ƙaddara ta sa mota ta mutu a kan dogo fa? Kada ka tsaya murza makulli kana salati kana sake murzawa. Fitar da kowa nan take, yara da tsofaffi tukuna, a bar kaya. In babu jirgi a kusa, a tura motar, wani kuma ya ruga ya sanar da mai tuta ko tasha mafi kusa, ko a kira lambar gaggawa ta 112. In jirgi ya riga ya bayyana, a manta da mota. Ku gudu nesa da layin a karkace, kuna nufar ɓangaren da jirgin ke fitowa. Mutane kan yi mamakin wannan, amma dalilin a fili yake: idan ya bugi motar, tarkacen gaba za su yi, inda jirgin ya dosa, wanda ya gudu can shi zai sha ruwan ƙarfe da gilas.

Mai tafiya a ƙasa ma yana da nasa. Kada a bi tsakiyar layi don ya fi sauƙin tafiya, kada a toshe kunne da abin sauraron waya, kada a rarrafa ta ƙarƙashin taragun da ke tsaye, domin jirgi ba ya sallama kafin ya motsa. 'Yan acaɓa da masu A Daidaita Sahu da ke buɗe wa kansu hanya inda ba mahaɗa, ku ƙetare ƙarfen a miƙe in dole ne, taya in ta bi shi a karkace zamewa take yi. Makiyayi ya tsai da garke, ya tura mutum ɗaya ya duba, sannan a ƙetare kashi-kashi.

Ba kowane hatsari ne laifin mai ƙetarewa ba. Jirgi kan goce daga layi, kuma galibi sanadin yana ƙasa, a jikin dogon. Ruwan damina kan cinye tsakuwa da ƙasar da ke ƙarƙashi har ƙarfen ya rataya. Ɓarayi kan kwance notuna da ƙarafan da ke ɗaure layin su kai wa 'yan gwangwan. Wannan na fi jin zafinsa, domin kuɗin da ake samu a buhun notuna bai taka kara ya karya ba, rayukan da aka jefa cikin hatsari kuwa ɗaruruwa ne, kuma mai saye ya san abin da yake saye. Sai kuma rashin gyara. Ranar 26 ga Agusta 2025 jirgin Abuja zuwa Kaduna ya goce a tashar Asham da mutum fiye da 600 a ciki. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an ji raunuka, kuma rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ya nuna matsala a wurin sauya layi, inda na'urar ta lalace ake juya shi da hannu. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 kusa da Katari ma ta dogon aka fara, da bam aka fasa shi kafin a buɗe wuta a kwashe fasinjoji.

Saboda haka wanda ke zaune kusa da layi ido ne. Ka ga noti a kwance, ko rami ya buɗe a ƙarƙashin ƙarfe bayan ruwan sama, ko baƙin fuskoki suna aiki a kan dogo da dare, kada ka ce ba ruwanka. Gaya wa mai unguwa, a kai magana tasha ko wurin jami'an Sibil Difens. Kada ka je kai kaɗai ka tunkare su. In kuma fasinja ne kai jirgi ya goce, riƙe kujera ka sunkuyar da kai har ya tsaya, sannan a fita ta gefen da babu wani layin, a yi nesa, a zauna wuri ɗaya tare.

Gwamnati ta ɗan motsa. Dokar 2022 ta ba NSIB ikon binciken haɗurran jirgin ƙasa, ba na sama kaɗai ba, wato yanzu ba mai jirgin ne ke binciken kansa ba. A 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma suka sami damar gina nasu layin. Legas ta gina gadojin sama a Yaba, Oyingbo, Mushin da Ikeja domin raba mota da jirgi kwata-kwata, kuma a ganina wannan ya fi kowane shinge, tunda direba mai gaggawa zai iya zagaye shinge amma ba zai zagaye gada ba.

Mutanen da sabon layi zai ratsa garuruwansu, lokacin magana shi ne yanzu da 'yan kwangila ke wurin da motocinsu. Ku zauna da dagaci da hakimi, ku rubuta inda hanyar gona take, inda burtalin shanu ya bi, inda yara ke wucewa zuwa makaranta, inda ake kai gawa maƙabarta, ku miƙa wa ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku, ku nemi gada ko hanyar ƙarƙashi a waɗannan wuraren, ku riƙe kwafin takardar. In aka gama aiki aka ja waya aka tafi ba a bar muku mashiga ba, mutane za su yanke wayar su buɗe tasu, kuma a irin wannan mashigar babu mai tuta babu fitila.