Kafin ka miƙa wa tsohuwarka sabuwar waya

Yawancinmu idan Allah ya hore, sai mu sayo wa iyaye babbar waya, mu miƙa musu a kwalinta, a sa mana albarka, mu kama gabanmu. Bayan wata guda ka dawo ka tarar da wayar a ƙarƙashin matashi, ko a hannun jikoki suna buga gem, tsohuwa kuma ta koma kan ƙaramar wayarta mai madannai. Wayar an saita ta ne don idon ɗan shekara 20, kuma aikin mai da ita daidai da mai shekara 70 yana wuyan wanda ya sayo ta. Ni na saita wa Innarmu tata, daga baya maƙwabta suka riƙa aiko min da nasu. Ga yadda nake bi.

Da ido nake farawa. Shiga saitin wayar, ka nemi inda aka rubuta Display, ka ja girman rubutu zuwa kusan ƙarshe. A nan kuma za ka ga lokacin da fuskar waya take ɗauka kafin ta mutu. Mai da shi minti 2, domin da yawa suna zuwa da sakan 30 ko ƙasa da haka, kafin tsohuwa ta gyara tabarau har haske ya ɗauke. Idan Samsung ce, kunna Easy mode, yana ƙara girman komai lokaci guda. WhatsApp ma yana da nasa girman rubutun a cikin saitinsa, ƙarƙashin Chats.

Daga nan sai shara. Duk manhajar da ba ta buƙata, kawar da ita daga fuskar farko. A wayar Inna abin da na bari shi ne kira, WhatsApp, agogo, kyamara da karatun Alƙur'ani. Sauran filin na cika shi da fuskokin 'ya'yanta.

Wannan na fuskokin shi ne ya fi komai amfani a wurina. Iyayenmu da yawa sun yi karatun allo, suna karanta ajami sarai, amma rubutun boko ba ya shigar musu, balle a ce su nemo suna cikin mutum 200. To, ka sa wa kowace lamba hoton mai ita, hoto na kusa wanda fuska ta cika shi. Sannan ka danne wani fili a fuskar wayar har Widgets ya fito, ka zaɓi Direct dial, ka ɗora mutumin. Taɓawa ɗaya, kira ya tafi. Ka jera su yadda ita take lissafa su, Yaya Babba a sama, auta a ƙasa, kuma kada ka sake taɓa jerin, domin hannu yana haddace wuri kafin ido.

A WhatsApp, saƙon murya kawai nake koya musu. Sai dai akwai abubuwa biyu da suke wahalar da tsofaffi a nan. Na farko, riƙe alamar makirufo: yatsa yana zamewa, magana ta yanke a tsakiyar gaisuwa. Nuna mata ta danna ta ja sama, sai ya kulle, ta saki hannu ta yi maganarta a tsanake har ta gama. Na biyu, wata ƴar alama da take fitowa gefen saƙo idan ana saurare, mai nuna 1x. Idan aka taɓa ta bisa kuskure sai ta koma 1.5x ko 2x, muryar kowa ta riƙa gudu. Wata dattijuwa a unguwarmu ta daɗe tana zaton ɗanta fushi yake yi da ita, ashe wannan ce kawai. Idan hannun yana rawa, shiga Accessibility ka tsawaita Touch and hold delay, wayar za ta daina ɗaukar taɓawa a matsayin dannewa.

Magani kuwa, agogon wayar ya isa. Sa ƙararrawa ta maimaita kullum, ka ɗaura ta da lokacin da ta riga ta sani, kamar bayan Asuba ko bayan Isha'i. Na hawan jini sauti daban, na suga sauti daban, ta yadda ko ba ta duba ba kunne zai gaya mata.

A wayoyin Android na baya-bayan nan akwai sashen Safety and emergency. Rubuta sunanta, ciwon da take fama da shi da lambar wanda za a kira. Ko wayar tana kulle, wanda ya tsince ta a hanya ko ma'aikacin asibiti zai iya gani. A nan ne kuma ake kunna kiran gaggawa na danna maɓallin wuta sau 5 a jere. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, amma ni ina ƙara lambar wanda ya fi kusa da gidan.

Makullin zane ba na sa wa tsoho, ana mantawa. Na yatsa ma yakan ƙi karanta hannun da ya sha aiki. Lamba huɗu da ta zaɓa da kanta ta fi.

Sai ƴan damfara, waɗanda suka fi farautar dattawa. Kunna Two-step verification a WhatsApp, lamba 6 ce, ka riƙe ta a wurinka. Tura STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla da suke cika wayar. Sannan ka zauna ka faɗa mata da baki: “Inna, duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo, ko BVN, ki ce ɗana ne yake riƙe da wannan, ki kashe.” Dattawa suna jin nauyin katse wa mutum magana, shi ya sa nake ba su wannan amsar a baki tun kafin ranar ta zo.

Idan ka gama, kada ka nuna mata da hannunka. Ba ta wayar, ka koma ɗaki na kusa, ka ce ta kira ka, ta turo maka murya, ta kunna tocila. Duk inda ta tsaya, can ne za ka sake gyarawa kafin ka tafi.