Yadda za ka riƙe ɗanka kar ya zame daga firamare

Iyayen yara a nan Gombe, yaro baya barin makaranta rana ɗaya fa, a hankali yake zamewa. Yau ya yi fashi don ranar kasuwa ce, gobe an tafi da shi gona roron wake, jibi an koro shi kan kuɗin PTA, kafin ka ankara ya kwashe wata bai leƙa aji ba, kunya kuma ta hana shi komawa.

To ka fara da duba littafinsa da yamma. Ko baka yi boko ba zaka gane, dubi kwanan watan da ke saman shafi, in na ƙarshe ya kai sati biyu to da sake. Sannan ka sa ya karanta maka ko layi ɗaya ne. Yara da yawa suna kaiwa aji huɗu basu iya haɗa baƙi ba, aji ya cika maƙil wasu a ƙasa suke zaune, malam ɗaya ina zai lura da kowa, yaron yana zaune kullum baya gane komai dole ya gaji. Wannan ya fi damuna wallahi, don sai a ce masa mai taurin kai alhali ba haka bane. A sa yayarsa ko ɗan makwabta ya riƙa zama da shi bayan la'asar suna bita.

Ke kuma uwa, in tallar awara ta zama dole, a bari sai an taso daga makaranta. Kar ya fita da yunwa, ko ɗumame ne ya ci. Girbi yana faɗowa tsakiyar zangon farko, a bar masa aikin gona Asabar da Lahadi.

Maganar kuɗi, dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya, ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. In an koro shi kan kuɗi je ka ga hedimasta, in abin bai warware ba ka nemi kwamitin SBMC na makarantar, wato kwamitin iyaye da malamai da mutanen unguwa mai kula da ita, daga nan sai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Wanda ya riga ya daina zuwa kuwa, kama hannunsa ka kai shi da kanka, ka roƙi malamin ajin kar a dake shi, kar a bari yara su yi masa dariya, sannan ka karɓi lambar malamin don in ya sake fashi ka ji tun ranar.