Kurakuran da muke yi wajen saya wa kurame layi da waya a Saudiyya

Jama'a assalamu alaikum. Akwai wata magana da ta daɗe tana damuna game da 'yan uwanmu kurame da ke nan Makka da Jidda, da waɗanda ke zuwa Umara ko aikin Hajji daga gida, wato yadda muke saya musu layi da waya. Niyyarmu mai kyau ce wallahi, amma sau da yawa kuɗin ne kawai ke tafiya, mutumin kuma yana nan riƙe da waya bata yi masa amfanin komai ba, sai ya jira wani ya zo ya amsa masa kira.

Na farko kuma wanda ya fi yawa shi ne sayen tsarin da ya cika da mintunan kira. Za ka ga an shiga shagon waya a Sharar Mansur ta Makka ko Bab Sharif ta Jidda, mai shago ya ce ga wata baƙa mai kyau, wato tsarin kira da data, mintuna rututu na cikin gida har da na kiran Najeriya, ɗan uwa ya ji daɗi ya biya. To wa zai yi maganar? Kurma da ido yake waya, kiran bidiyo yake yi da maganar hannu, ko ya rubuta saƙo, don haka abin da yake ci data ne ba minti ba. Ko STC ne ko Mobily ko Zain, ko ƙananan irin su Lebara da Virgin, kowanne yana da tsarin da data ta fi yawa a ciki, wasu ma data ce zalla, shi za ka nema. Sai dai kar ka ɗauko layin data zalla wanda ake sakawa a rauta ka ce shikenan an gama, domin yana buƙatar lamba ta sosai wadda saƙon SMS ke shigowa, anjima zan faɗi dalili. Abin da ya fi shi ne layi na yau da kullum mai data mai yawa da ɗan minti kaɗan, saboda wata rana zai miƙa wa wani wayar ya kira masa mota ko asibiti.

Sannan a duba data ɗin kanta. Yawancin tsarukan nan sun raba ta gida biyu, akwai ta gama-gari akwai kuma wadda suke cewa ta soshiyal, ita wannan ta biyun wasu manhajoji ƙididdigaggu kawai take yi wa aiki. Mai shago zai haɗa maka su duka ya faɗi adadi mai girma, kai kuma ka ɗauka duk ɗaya ne, bayan sati biyu sai ka ga kiran bidiyo ya tsaya alhali waya na nuna saura giga da yawa. Kafin a biya a tambaya, manhajar da yake kira da ita tana cikin jerin ko bata ciki? Idan bata ciki to adadin gama-garin ne naka, shi za ka kalla. Kuma a sani bidiyo yana cin data ba wasa, hirar awa ɗaya tana iya lashe ɗaruruwan megabait, kurame kuwa idan suka haɗu a bidiyo hira suke yi mai tsawo, kuma haƙƙinsu ne, mu ma ai haka muke raba dare a waya da mutanen gida.

Maganar manhaja kuma, mutane da yawa suna sauka daga jirgi da tunanin WhatsApp zai yi musu komai kamar a Kano ko Maraɗi. Tun 2017 Saudiyya ta buɗe kiran intanet a manhajoji da dama, amma kiran WhatsApp ya daɗe yana ba mutane wahala a nan, saƙo na tafiya lafiya lau, kira kuma sai a hankali. Shi ya sa kusan kowa a cikinmu yake da imo. Ga mai ji wannan ƙaramar matsala ce, ya sa kati ya kira kai tsaye, amma ga kurma idan bidiyo bai shiga ba to an rufe masa baki ne gaba ɗaya. Don haka tun kafin a baro gida a saka masa manhaja biyu ko uku, a saka wa matarsa da 'ya'yansa da abokansa irinsu, a gwada a ga kowa ya iya, ba sai an zo Makka ana ta fama a bakin otal ba.

Yanzu ga wanda ya fi ɓata min rai, yi wa kurma rajistar layi da sunan wani. A nan ba a sayen shariha, wato layin waya, sai da igama (katin izinin zama) ko fasfo da kuma basma, wato hoton yatsa, to saboda gudun wahalar bayani a shago sai wa ko ƙane ko maƙwabci ya ce bari kawai in cire maka da sunana. Ranar kam an huta, amma daga baya fa? Idan layin ya ɓata ko waya ta faɗi, ba wanda zai iya cire wani sai mai sunan, idan ya yi tafiya ko ya koma gida gaba ɗaya ko igamarsa ta samu matsala, layin na iya tafiya da shi. Kuma lambar nan ita ce ake ɗaura wa Absher, manhajar hidimomin gwamnati, da banki da asibiti, duk lambobin sirri ta nan suke shigowa. Na san mutanen da albashinsu ke shiga asusu amma saƙon banki a wayar wani yake sauka, sai ya ga dama ya faɗa musu. Kurma ba yaro ba ne, babba ne mai hankalinsa, ka raka shi shagon, ka tsaya ka yi masa tafinta, ya sa yatsansa da kansa, minti nawa ne? Idan kuma an riga an yi da sunan wani, ana iya zuwa ofishin kamfanin su biyun a mayar da layin sunansa, a yi tun ana shiri da juna.

Haka lambobin sirrin da ke shigowa ta saƙo. Duk mun san saƙonnin 'yan damfara, an rufe katinka na banki ka kira wannan lamba, ko ka ci kyauta ka turo lambar da ta shigo maka. Su kurame rayuwarsu a kan rubutu take, kuma wasu Larabcin bai zauna musu ba, sai su nuna wa duk wanda ke kusa ya karanta musu. A zauna a yi musu bayani da hannu sosai har su gane, banki ba ya tambayar wannan lamba, kuma ba kowa ake miƙa wa waya ba. Mutum ɗaya ko biyu amintattu sun isa.

Sai alhazai da masu Umara. Kuskuren da ake yi shi ne a cire layin gida a jefa a jaka, ko a bar shi a Najeriya. In wayar mai layi biyu ce a bar na MTN ko Airtel a ciki, a kashe masa data kawai kar ya cinye kuɗi, domin saƙon bankin gida ta nan zai zo. Kuma idan an saka layin Saudiyya, ba dole ba ne a canza lambar WhatsApp, tana ci gaba da aiki da tsohuwar lambar. Wasu masu shago da sun saka layi sai su danna canza lamba ba tare da sun tambaya ba, kaga mutum ya koma gida layin Saudiyya ya mutu, ranar da ya canza waya sai a rasa yadda za a dawo masa da asusunsa, duk rukunin abokansa kurame sun tafi. A Mina da Arfa kuma saboda cunkoso bidiyo na iya yankewa, nan ne saƙon rubutu ke ceto, don haka a bar ɗan kuɗi a layin. A rubuta masa a takarda da Larabci cewa shi kurma ne, ga sunan masaukinsa ga lambar jagoransu mai farawa da +966, a ɗauki hotonta a mayar fuskar waya, takardar kuma ta zauna tare da katin Nusuk ɗinsa, wato katin shaidar alhaji.

Mu dawo kanmu mu masu ji, don mu ma muna da namu. Bahaushe da saƙon murya sai Allah, mutum zai danna ya yi minti biyar yana zuba a rukunin dangi, an yi rasuwa, an sa ranar biki, an canza wurin haɗuwa, duk da murya, kurman da ke cikin rukunin sai ya ga alamar saƙo ta cika masa waya bai san me ake ciki ba, sai bayan kwana biyu ya ji labarin rasuwar gwaggonsa. Wannan abu yana da ciwo wallahi. Kar kuma wani ya ce ai yanzu WhatsApp na mayar da murya rubutu, bata iya Hausa ba. Idan ka san akwai kurma a rukuni, ka bi saƙon muryarka da layi biyu a rubuce, gajeru, kalmomi masu sauƙi, ban da dogon karin magana, saboda da yawansu karatun bai yi nisa ba kuma ba laifinsu ba ne, makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano ba su wadaci jama'a ba. Wanda bai iya karatu ba kwata-kwata a yi masa ɗan bidiyo da hannu ko a tura hoto. Sannan a daina kiransa da murya ana cewa bai ɗauka ba, to ya ɗauka ya yi yaya?

Shi kansa kiran bidiyon akwai yadda ake yinsa. Maganar hannu ba hannu kaɗai ba ce, fuska na ciki, gira da baki da yadda ka juya kai duk magana ce. Sai ka ga mutum ya riƙe waya da hannu ɗaya yana tafiya a titi, ko ya zauna taga na bayansa fuskarsa ta yi duhu, ko ya kanga wayar daf da hanci, ɗayan yana ta cewa maimaita. A sayi ɗan abin jingina waya, riyal kaɗan ne a kowane shago, a ajiye ta daidai ƙirji yadda za a ga kai da hannaye biyu, haske ya zo ta gaba. Wajen sayen waya ma kyamarar gaba da batir su ne abin dubawa, ba ƙarfin sifika ba. Mata masu niƙabi kuma a ba su wuri a cikin gida inda za su buɗe fuska su yi hira da 'yan uwansu a natse, ɗakunanmu na haya a cike suke na sani, amma ko labule ne a saka, bai kamata a ce kowa na wucewa yana leƙa hirar mutum ba don kawai da hannu ake yinta. A tuna kuma Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, idan ka kira bayan isha'i a nan can ana shirin magariba, ga matsalar wuta, gara a sa lokaci da rana.

Wani abin da ake mantawa shi ne saitin wayar. An sayi sabuwa an miƙa masa a kwali, ba wanda ya kunna masa walƙiyar fitila idan saƙo ya shigo, alhali iPhone na da ita, Samsung da sauran Android na yanzu ma haka, tana cikin saitin masu buƙata ta musamman. A kunna girgiza mai ƙarfi. Akwai kuma Live Transcribe ta Google, wadda ke rubuta abin da mutum ke faɗa nan take kuma tana jin Larabci, ga wanda ya iya karanta shi tana taimako a kanti ko wajen aiki, duk da hayaniya na rikita ta. Masu ɗan sauran ji da ke saka na'urar kunne su gwada wayar da na'urar a shago kafin su biya, wasu na haɗuwa ta Bluetooth wasu kuma ƙara kawai suke yi.

Batun gaggawa shi ne wanda bana so kowa ya yi wasa da shi. Mun haddace 911 a Makka da Jidda, da 997 na motar asibiti, da 937 na Ma'aikatar Lafiya, sai mu rubuta wa kurma su a takarda mu ɗauka mun gama, alhali duk kiran murya ne. Hukumar agajin gaggawa ta Saudiyya, Hilal Ahmar, tana da manhaja mai suna As'ifni wadda ake neman motar asibiti da ita ba tare da magana ba kuma tana nuna inda mutum yake, akwai Kulluna Amn ta kai rahoto ga jami'an tsaro, Ma'aikatar Lafiya ma ta fitar da Ishara wadda ke haɗa kurma da tafinta ta bidiyo. A saka su a yi rajista tun ana lafiya, a nuna masa inda zai danna, ba ranar da ciwo ya tashi da tsakar dare ba.

Amma a nan ma akwai abin lura, tafintan nan da maganar hannun Saudiyya yake aiki, ita kuma daban take da maganar hannu ta ƙasar Hausa, daban kuma da wadda ake koyarwa a makarantun Najeriya mai tushe daga Amurka. Wanda aka haifa a nan ya yi makaranta a nan ba shi da matsala, amma baƙon da ya zo daga Katsina ko Damagaram zai iya kallon tafinta su kasa fahimtar juna. Saboda haka a haɗa shi da kuramen da suka daɗe a gari, su ne za su koya masa alamomin nan na asibiti da 'yan sanda da kuɗi cikin 'yan makonni, kuma a samu mutum biyu masu ji, ɗaya a gidan ɗaya a maƙwabta, a ajiye lambobinsu a saman jerin wayarsa, a yi yarjejeniya cewa idan ya turo wata alama guda, ko da jan ɗigo ne, to a taso a zo ba sai an tsaya tambaya ba. Direbobin Careem da masu kawo abinci su ma kira suke yi idan sun iso, a rubuta masa jimla ɗaya da Larabci cewa ba ya ji a turo saƙo, ya ajiye ta yana liƙawa duk lokacin da ya yi oda.