Ka daina danne maɓalli: kurakuran masu ɗaukar hoton wasan harbin fenti

Kusan duk sabon mai ɗaukar hoto da ya shiga filin wasan harbin fenti, wato paintball, abu ɗaya yake yi. Da an ba da alamar farawa sai ya danne maɓallin kyamara ya ƙi saki, yana jin daɗin ƙarar ta-ta-ta, yana zaton yawan hoto shi ne samun hoto. Ba haka ba ne.

Kyamara ba ta zuba hoto kai tsaye cikin katin memori. Tana da wata ƙaramar ma'ajiya ta wucin gadi, can hotuna ke fara taruwa kafin su wuce kati. A ce taka tana ɗaukar 10 a daƙiƙa, ma'ajiyar kuma tana riƙe hoton RAW, wato ɗanyen hoto mai cin wuri da yawa, guda 30. Cikin daƙiƙa 3 ta cika. Daga nan sai ta koma tafiyar hawainiya, ko ta tsaya cak tana jiran kati. To a daidai wannan lokacin ne ɗan wasa ke zamewa da ƙirji ya faɗa bayan dogon shingen roban da ake kira maciji, hoton da kowa ya zo nema, kai kuwa kana tsaye kana kallon fitilar kati tana ƙiftawa. A gudun farko ka cinye ma'ajiyar, babu komai a ciki sai bayan mutane.

Ni dai abin da nake yi shi ne guntun jere: hoto 3 zuwa 5, in ɗaga yatsa, in sake. Kafin a fara, ka zaɓi ɗan wasa ɗaya, ka gane shingen da zai nufa, ka jira shi a can. Idan katinka ba shi da sauri, ka sauya da mai sauri, mai alamar V60 ko V90, amma ka tabbata kyamarar tana karɓar UHS-II, wato nau'in waɗannan katunan masu sauri, in ba haka ba asarar kuɗi ce. In kuma babu hali, ka koma JPEG, wato hoton da ba ya cin wuri kamar RAW, ma'ajiyar za ta daɗe ba ta cika ba.

Sai masu cewa da jere za su kama ƙwayar fenti a iska. Ku yi lissafi mana! A yawancin filaye iyakar gudun ƙwayar kusan mita 90 ne a daƙiƙa. Tsakanin hoto ɗaya da na biyu, a kyamara mai 10 a daƙiƙa, ta riga ta tafi mita 9. Sa'a ce kawai ke sa ta faɗo cikin hotonka. In ma ta faɗo, saurin ƙiftawar kyamara ne zai nuna ta ko ya shafe ta: a 1/1000 na daƙiƙa tana yin santimita 9, sai ta fito kamar zare, a 1/8000 ne take zama ƙwaya sosai. Don tsayar da mai gudu 1/1000 ya wadatar, don fantsamar fenti a kan gilashin fuska ka haura 1/2000. Ka ƙayyade saurin da hannunka, ka buɗe idon kyamara zuwa f/2.8 ko f/4, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya riƙa daidaita kansa, ko da hawansa zai sa hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa. Hoto mai ɗan tsakuwa ana gyara shi, wanda ya yi dishi-dishi kuwa sai shara.

Abin da ya fi ban haushi shi ne wanda zai bar fokas a kan ɗauka ɗaya sannan ya kunna jere. Hoton farko ya fito tas, sauran tara duk sun ɓaci domin ɗan wasan ya matso. Sa fokas mai bin abin da ke motsi: AF-C a Nikon da Sony, AI Servo ko Servo AF a Canon. Kada ka dogara da fokas mai neman idon mutum, fuskokin nan a rufe suke, yana iya barin mutum ya kama shinge. Ƙaramin yankin fokas a kan kai ko kafaɗa ya fi.

In kana bayan ragar da ta kewaye fili, kada ka ja baya. Manna bakin gilashin kyamara mai 70-200mm jikinta, ka zuƙo nesa, ka guji inda rana ke haska ragar, za ta ɓace daga hoton.

Ƙiftawar lantarki marar sauti tana lanƙwasa bakin bindiga a wasu kyamarori idan ka juya da sauri. Koma ta inji.

Wani kuma, don abin rufe fuska ya hana shi manna ido a kyamara, sai ya ɗaga shi sama. Malam, idonka guda nawa ne? Ba a cire shi a cikin fili ko na daƙiƙa ɗaya. Ka saba da leƙawa ta cikinsa tun a gida, ko ka yi aiki da allon baya. Ka sa riga mai ɗaukar ido don kada a ɗauke ka ɗan wasa.

Ita ma kyamarar tana son rigar ruwa, da gilashin kariya a gaba, da hular gilashi. In fenti ya fashe a kai, kada ka goge a bushe, ɓawon ƙwayar na iya karce gilashi. Fara hure ɓarɓashin, ka ɗauke fentin da ƙyalle mai ɗan laima tunda ruwa na narkar da shi, sannan ka share da busasshe mai laushi.