Kurakuran da ke kashe ofishin zanen gini tun kafin ya ga jikoki

Wani dattijo ya taɓa iske mu a ofishinmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina yana neman fulan ɗin gidansa. So yake ya ɗora bene a kan ginin da maigidanmu ya zana masa tun wasunmu na firamare. Maigidan kuwa wata uku ke nan da rasuwa. Muka jawo durowar tsofaffin zane, ashe gara ta riga mu. Abin da ya rage na takardar tiresin ɗin bai fi tafin hannu ba. Ba wanda ya san zurfin harsashin, ba wanda ya san kaurin rodin da ke cikin ginshiƙai. Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yanzu ku 'ya'yana, ashe ofishin nan duk Malam ne?" Na ce, "Baba, a ba mu kwana biyu." Amma gaskiya ya faɗa.

Da yawa daga ofisoshin masu zanen gini a garin nan sun samo tushe ne bayan 1987, lokacin da aka cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Sabuwar jiha na bukatar ma'aikatu da gidajen ma'aikata da asibitoci, waɗanda suka karanta zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello kuwa suka tattaro daga Kaduna da Zariya suka dawo gida. Yau an doshi shekara 40. Gine-ginen na tsaye, amma je ka nemi allunan ofisoshin da suka zana su.

Babban kuskuren, wanda sauran suke rataye a jikinsa, shi ne a bar komai a kan mutum guda. Shi ya san Alhaji wane, shi ke yanke farashi, shi kaɗai ke da hatimi. Dokar da ta kafa ARCON, hukumar yi wa masu zanen gini rajista, a 1969 ta ce sai mai rajista ne zai kira kansa akitek, kuma hatimin nan ba a gadonsa. Ɗan maigida in lauya ne ko likita, ba zai buga shi a kan zane ba. Mutane kan ce ai sana'ar gini a ƙasar Hausa gado ce, su kawo misalin gidan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, zuri'arsa suka ci gaba da riƙe sana'ar. Haka ne. Sai dai ɗan magini tun yana yaro yake cikin kwaɓa, yana miƙa tubali, yana kallon yadda ake jera azara. Hannu aka ba shi, ba suna kawai ba.

Gyaran ba ya yi wa masu gida daɗi, amma ba makawa. Tun kana da ƙarfinka ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu cikin yaranka masu rajista, ka ba su kaso a kamfanin, a rubuta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ka riƙa tura su gaban manyan masu ba ka aiki su yi bayani da bakinsu, kai kana gefe kana shan shayi. A kuma rarrabe a takarda abin da yake na kamfani da wanda yake naka. In ba haka ba, ranar rabon gado firinta da janareto da motar zuwa wurin aiki duk dukiyar mamaci ce, magada kuma haƙƙinsu ne su karɓa. Na ga ofishin da aka kwashe teburansa a a-kori-kura, alhali akwai gini uku da ba a kai linta ba.

Daga nan sai aljihu ɗaya. Kuɗin aiki ya shigo, daga cikinsa za a yi cefanen azumi, a sayi ragon suna, a kai gudummawar biki. Wata ya ƙare, yara na jiran albashi. Maigida ya yanka wa kansa albashi kamar kowa, a buɗe asusun kamfani dabam, a samu akanta ko da mai zuwa sau ɗaya a wata ne. Wannan ba tsafta kaɗai ba ce. A tsarin sayen kayan gwamnati, aikin tarayya, har da gine-ginen da asusun TETFund ke ɗaukar nauyi a manyan makarantu, sai da shaidar biyan haraji da takardun fansho da na ITF, asusun horar da ma'aikata. Mai aljihu ɗaya kullum sai ranar rufe talla yake tuna da su.

Akwai kuma masu jingina da gwamnati kaɗai. Muddin naka ne a sama, aiki kamar ruwan Agusta. Aka canza gwamnati, fayil ɗinka ya kwanta a ƙarƙashin wasu, ka yi ta sintiri a ma'aikata har masinja ya san ƙarar takalminka. Ofisoshin da na ga sun jure su ne waɗanda ba su raina ƙaramin aiki ba: shagunan ɗan kasuwa, Islamiyyar unguwa, gidan mai a hanyar Daura, rumbun hatsi a Funtua. Ribar kaɗan ce, amma ba ta jiran kasafin kuɗi.

Sai dai aikin mutanen gari na da tasa cutar, wato kunya. "Ɗan zana mini wani abu in gani." Ka kwana uku kana zane, ya karɓa ya ce Allah ya saka, gobe ka ga birkila riƙe da takardarka a fili. Ko surukinka ne, a rubuta: kaza kafin a fara, kaza in an miƙa zanen da za a kai hukumar tsara birane, kaza na duba aiki. Kuma kowane ƙiyasi a sa masa kwanan wata da ranar da zai daina aiki. Wanda ya ba da ƙiyasi a farkon 2023, kafin a cire tallafin mai a kuma saki Naira, ya san yadda siminti da rodi suka mai da shi maƙaryaci a idon mai gini. Wasu don su huce haushi sai su koma 'yan kwangila, su zana, su gina, su kuma duba kansu. In za ka yi haka, raba kamfanonin biyu, ka gaya wa mai gini ya nemo wanda zai duba ka.

Kuskuren da ya fi ci mini rai ba na kuɗi ba ne, na zanen kansa ne. Mai gini ya zo da hoto a waya, gidan da ya gani a Abuja ko Dubai, mu kuma don kada aiki ya kuɓuce sai mu kwafa. A jera gilashi yana kallon yamma, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Da la'asar falo ya zama tanda, ga wuta ba tabbas. Sannan ga yayin ɓoyayyen rufi, a kewaye kwano da katanga a bar wa ruwa 'yar siririyar hanya. Ƙurar hunturu da leda su toshe ta, ruwan farko ya taru ya sauko ta silin. Magabata da suke sa dogon indararo ya watsa ruwa nesa da bango ba ado suke yi ba.

Ba cewa nake a koma ginin ƙasa dole ba. Amma duk akitek ɗin da ke aiki a Katsina ya kamata ya shiga tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, da rana tsaka a bazara, ya ji abin da kaurin bango da ƙananan tagogi ke yi. Ya tsaya gindin hasumiyar Gobarau, ya tambayi kansa me ya riƙe ta. Ya kuma tambayi uwargida, ba maigida kaɗai ba. Ita za ta gaya maka kicin ɗin cikin gida ba zai ɗauki tukunyar tuwon suna ba, tana son wurin hura gawayi da shanya da inda yara za su zauna da yamma. Maigida kuma yana son baƙonsa ya tsaya inda idonsa ba zai kai cikin gida ba, wato zaure ko da an sake masa suna. In ba ka zana waɗannan ba, bayan shekara biyu za su kafa rumfar kwano a inda suka ga dama. Hanyar koyo ɗaya ce: duk ginin da ka miƙa, ka koma bayan damina ɗaya da bazara ɗaya, ka zauna, ka saurari ƙorafi, ka rubuta a fayil ɗinsa.

Batun yara kuwa, ofis da yawa na mai da su injin zane. Ɗaliban Kwalejin Hassan Usman masu zuwa sanin makamar aiki da masu hidimar ƙasa, sai a dasa su gaban manhajar zane ta AutoCAD shekara guda ba su taka wurin gini ba, ba su san warin kankare ba. Wanda ya isa zana jarrabawar samun rajista sai a yi ta ja masa rai, don tsoron kada ya yi fiffike. Ƙarshenta ya tafi Abuja, kuma zanen ofis na shekara biyar yana cikin kwamfutarsa. Ka biya masa kuɗin jarrabawa, ka tafi da shi wurin zuba kankaren dakin na bene. Kowane aiki a ba shi lamba, a ajiye kwafi a ofis, wani a intanet, tsofaffin takardu kuma a ɗauki hotonsu tun gara ba ta gano hanya ba.

Dattijon nan dai sai da muka ɗauko injiniya da leburori biyu, aka haƙa gindin ginshiƙi uku, aka fasa gefen ɗaya don a ga rodi. Harsashin bai isa ɗaukar bene ba. Muka zana masa ɗakuna uku a filin bayan gida, ya biya kuɗin haƙar yana ƙunƙuni. Da zai tafi ya ce a yi masa kwafi biyu na sabon fulan, ɗaya zai ba babban ɗansa ya ajiye.