Darasi na 9: Karanta Zanen Alƙaluma

A asibiti, a takardun malaman gona, har a wayar hannu, ba kullum ake jero alƙaluma a rubuce ba, wani lokaci zana su ake yi. Iri uku za ku fi gamuwa da su: zanen sanduna, zanen layi, da zanen faifai, wato da'irar da aka yayyanka gida-gida. Wani mutumin Sikotilan, William Playfair, shi ya fito da na sanduna a 1786, na faifai kuma a 1801.

To, ido ba ya karanta su daidai wa daida. A 1984 wasu masana biyu a Amurka, Cleveland da McGill, sun gwada mutane, suka tarar an fi cankar adadi idan sanduna sun tashi daga tushe ɗaya. In kusurwa za a duba ko faɗi, kuskure ya fi yawa. Ba abin mamaki ba ne. Ku tsayar da yara biyu baya da baya a daɓe ɗaya, nan take za ku ga wanda ya fi tsawo.

Mu ce manomi a Samaru ya sami masara buhu 32, dawa 28, gero 25, wake 15. A faifai kowa zai gane wake ne ƙarami, amma tsakanin dawa da gero sai an yi ta ƙura ido, wani ma ya musa. A sanduna babu gardama. Faifai ya fi amfani in gidajen biyu ne ko uku, ana son nuna rabi ko kwata. Layi kuwa na abin da ke sauyawa ne, kamar nauyin jariri a katin awo.

Sai ku lura da gindin sanduna. In bai fara daga sifili ba, misali ya fara daga 24, sandar 32 za ta yi kamar ta ninka ta 28. Masu talla sun san wannan sarai.

Kuma siffar zane ta fi zama a kai fiye da adadin. Saboda haka in lissafin kuɗi ne, ku kwafe lambar a littafi.

Aikin gida: ku tambayi farashin mudun masara, dawa da gero a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada. Ku zana su da sanduna, daga sifili. Ku nuna wa wani a gida, ku rufe takardar, bayan sallar isha'i ku tambaye shi abin da ya tuna, ku rubuto mana amsarsa.