Shawara ga masu daji a Amurka: a sari bishiya, kada a kashe ta

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda ke da ɗan daji a Mishigan, Wiskonsin ko Ohayo kuma yana son barewa mai farin wutsiya ta zauna masa, ga wata dabara. Dajin da bishiyoyi suka yi tsawo suka rufe sama, ƙasansa fayau yake, barewa ba ta samun abin ci a inda bakinta ke kaiwa, balle wurin ɓuya.

Sai a zaɓi ƙananan bishiyoyi, masu kaurin da bai wuce inci 6 ba, a yanka kamar kashi biyu cikin uku na gangar, a tura ta a hankali ta kwanta. Ɓawo da itacen da suka rage a ɗaya gefen su ke ci gaba da kai ruwa, bishiyar ta yi ta tofo a ƙasa, rana kuma ta sauka ciyawa ta fito. Kusan yadda makiyaya ke saukar wa dabbobi rassan gawo da rani, sai dai nan ba a raba reshen da uwarsa. In makwancin barewa ake so, a yanka daidai ƙirji. In shinge ne, daidai gwiwa.

Bishiyoyin mapul da elm suna jure wannan. Itacen oak mai 'ya'ya a bar shi tsaye, 'ya'yansa abincin barewa ne da kaka.

Ƙarshen hunturu ya fi dacewa da wannan aiki, Fabrairu zuwa Maris, amma ban da ranar tsananin sanyi, itace karyewa yake. Don Allah a sa hular kwano, kuma kada a tsaya a bayan gangar, tana iya tsagewa ta daki mutum.